Shigar Burtu da Kukan Zomo: Matsayin Yaudarar Dabba a Farauta

Farauta sana'a ce da ba ta tsayuwa sai da ɓoye gaskiya, domin babu naman dajin da zai tsaya ya jira mutum matuƙar ya gane mutum ne, kuma duk ilimin da maharbi ya gada, tun daga karanta sawu har zuwa lura da inda iska take kaɗawa, manufarsa ɗaya ce, wato dabba ta ɗauki wurin halaka a matsayin wurin aminci. A nan ne tambaya take tasowa ga wanda ya san yadda Musulunci ya tsananta a kan ƙarya da algus da cin amana: ta yaya addinin da ya hana ɗan kasuwa ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin busasshe ya halatta sana'ar da jarinta yaudara ce? Littattafan fikihu sun yi dogon bayani a kan makamin farauta da karen da aka horar da ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya, amma ita yaudarar kanta ta fi fitowa fili idan aka ajiye dabaru biyu kusa da juna, ɗaya daga ƙasar Hausa, ɗaya kuma daga filayen kiwo na yammacin Amurka.

Burtu babban tsuntsu ne baƙi, mai girman talotalo, mai dogon baki da ƙululu a saman kansa, wanda ya fi son tafiya a ƙasa a kan tashi sama, yana kiwon ƙadangaru da ƙananan macizai da fara a cikin ciyawa. Da yake namun daji irin su barewa da gada da zabin daji sun saba ganinsa yana taku a tsakaninsu ba tare da ya cutar da su ba, sai maharban Hausa suka mayar da siffarsa sutura. Ana busar da kan tsuntsun tare da bakinsa, a dasa shi a kan lanƙwasasshen itace da aka sassaƙa kamar wuya, a naɗe shi da fata, wani lokaci a manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara, sannan maharbi ya ɗaura shi a goshinsa, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana gyaɗa kai kamar mai ƙoto, har sai ya kai inda kibiyarsa ko bindigarsa za ta cimma abin da yake nema. Aiki ne na haƙuri da ƙwarewa, gwiwa takan sha ƙaya kafin a iya shi, kuma wanda ya iya ana girmama shi a cikin maharba.

Abin lura shi ne yadda harshen Hausa ya ɗauko wannan dabara daga daji ya shigo da ita gari, sai ma'anarta ta juye. Idan aka ce wani ya yi shigar burtu, ana nufin ya ɓad da kama domin ya cuci waɗanda suka amince da shi, kamar ɓarawon da ya sa kayan jami'in tsaro, ko ɗan damfara da ya naɗa rawani. Aiki ɗaya ne, amma a daji gwaninta ne, a cikin mutane kuwa abin zargi. Bahaushe ya daɗe da yanke wannan hukunci a bakinsa ba tare da ya bayyana dalili ba, kuma dalilin nan shi ne abin da ya cancanci a tono.

Dabara ta biyu ta kunne ce. Koyoti dabba ce daga dangin kare da take rayuwa a Arewacin Amurka, kuma a kama da ɗabi'a ita ce 'yar'uwar dila: tana cin zomaye da ɓeraye da mushe, tana ɗaukar 'yan raguna da 'yan maruƙa idan ta sami dama, kuma tatsuniyoyin mutanen asali na can sun ba ta matsayin mai wayo kamar yadda Hausawa suka kira dila malamin daji. A manyan gandayen kiwo na jihohi irin su Tekzas da Montana, inda ido yake cin nisa babu abin fakewa, mafarauci ba ya bin koyoti, kiranta yake yi. Yana amfani da wata 'yar gajerar mabusa ta itace ko ƙaho ko roba, mai siririn harshe da yake kaɗawa kamar na bakin algaita, yana rufe ƙarshenta da tafin hannu yana buɗewa, sai ta fitar da kukan zomon da wani abu ya kama. Yakan zauna minti 15 zuwa 30 a wuri ɗaya, ya tabbata iska ba ta kai warinsa inda yake tsammanin dabbar ba, ita kuwa sai ta taho da zaton ta tsinci abinci a ɓagas. Burtu yana ce wa dabba babu haɗari, mabusa tana ce mata ga rabo, kuma duka biyun ba gaskiya ba ne.

Asalin halascin farauta ba abin jayayya ba ne. Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbobin da aka horar suka kamo, ta kuma hana farautar tudu ga mai harami kaɗai, hadisan Adiyyu ɗan Hatim kuwa sun fayyace hukuncin kare da kibiya. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, wadda har yau ake karantawa a zaurukan malaman Kano, ta raba farauta gida biyu, ta ce wadda ake yi don wasa makaruhi ce, wato abin ƙi wanda barinsa ya fi, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Ibn Juzayy na Andalus, wanda ya rasu a 1340, ya faɗaɗa rabon zuwa biyar: halal ga mai neman abin rayuwa, abin so ga mai yalwata wa iyali, wajibi idan ceton rai ya rataya a kanta, abin ƙi idan don nishaɗi ce, haram idan kisa ne na banza wanda babu niyyar amfani a cikinsa. Duk rabe-raben nan biyar a kan dalilin fita suka tsaya. Babu ko ɗaya da ya dogara a kan ko maharbi ya fuskanci dabba a sarari ko ya lallaɓo ta, kuma tarko da asuta da tanar da masunci yake soka wa ƙugiya duk sun shiga cikin abin da aka saba ba tare da inkari ba.

Sai dai akwai nassoshi da suke hana a rufe maganar da sauri haka. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta kira ƙaramin ɗanta da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Ƙarancin hankalin wanda aka yaudara ke nan bai wanke mai yaudara ba. Akwai kuma labarin da ya shahara a bakin masu wa'azi, na malamin hadisin da ya yi doguwar tafiya wurin wani mutum, ya tarar da shi yana kiran dokinsa da ya kufce ta hanyar tattare rigarsa kamar akwai hatsi a ciki alhali babu, sai ya juya bai karɓi hadisi daga gare shi ba. Ko da an ajiye batun ingancin labarin, yawan maimaita shi ya nuna cewa zukatan Musulmi sun yarda ana iya yi wa dabba ƙarya. Mafi nauyi duka shi ne abin da ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda Sayyidina Umar ya rubuta wa wani shugaban runduna yana tsawatarwa a kan mayaƙin da zai bi abokin gaba har ya fake a kan dutse, ya ce masa kada ya ji tsoro, idan ya cim masa kuma ya kashe shi. Da aka tambayi Malik ko nuni da hannu yana daidai da furuci wajen ba da aminci, sai ya ce daidai suke. Idan ishara tana ɗaukar hukuncin magana, to gyaɗa kan burtu a gaban barewa ya yi kama ƙwarai da cewa kada ki ji tsoro.

Mafitar tana cikin bambancin da malamai suka yi a babin yaƙi tsakanin dabara da ha'inci. Dabara ita ce a bar abokin gaba ya yi wa kansa mummunan lissafi, kamar a nuna za a yi gabas a yi yamma, kuma hadisi ya halatta ta a fili. Ha'inci kuwa shi ne a nemi amincewarsa, ya bayar, sannan a ci amanarta. Masanin shari'a ɗan ƙasar Holan, Hugo Grotius, ya kai ga irin wannan rabo a littafinsa na 1625, inda ya bambanta alamun da mutane suka yi ittifaƙi a kan ma'anarsu da ayyukan da kowa yake fassarawa da kansa. Ƙarya tana bukatar mai magana da mai sauraro su san da juna, ɗaya ya ce ka yarda da ni, ɗaya ya yarda. Yaron da uwarsa ta kira ya san uwarsa, dokin ya san ubangijinsa kuma ya sha cin hatsi daga wannan riga, mutumin da yake kan dutse ya saki jiki ne don ya gaskata maganar mayaƙin. Barewa kuwa ba ta amince da maharbi ba, ba ta ma san yana wurin ba. Ta ga tsuntsu ne ta yi kuskure. Dila ko koyoti da ya taho wajen kukan zomo bai karɓi alkawarin kowa ba, hasali ma ya taho ne da niyyar ƙwace abin da wani ya kama. Tsakanin mutum da naman daji babu yarjejeniyar da za a warware, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa shigar burtu ta zama laifi da zarar ta shigo gari, inda kowa yake rayuwa a kan amincewa da tufafin ɗan'uwansa da maganarsa.

Daga nan ake fahimtar cewa nauyi ya fi yawa a kan dabbar gida. Bafulatanin da saniyarsa take amsa kiransa, da manomin da tunkiyarsa take biye da shi zuwa gona, sun shiga wata irin amana da dabbobinsu, shi ya sa shari'a ta kewaye yanka da ladubba, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka, kada a wasa ta a gaban idonsa. Ko matar da take watsa wa kaji tsaba don ta kama wadda za a yanka wa baƙo, tsabar gaske take watsawa, kazar kuma takan ci kafin a kama ta. Ƙaramin abu ne, amma shi ne ya raba ta da mai dokin can.

Wanke mabusa daga sunan ƙarya bai gama da ita ba, domin akwai tambayar ta wace ƙofa aka shiga wa dabbar. Kukan zomo yana kiran yunwa da kwaɗayi, kuma yunwa ce kasuwar da dukan namun daji suke ciniki a cikinta, mai ci da wanda ake ci. Amma masu kiran koyoti suna da wani sautin, wato kukan ɗan kwikwiyon da ya shiga wahala, wanda suke busawa a lokacin da dabbobin suke da 'ya'ya a rami, sai uwa ko uba su taho a guje ba tare da sun tsaya shinshinar iska ba. Maharban kurmi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ma suna toshe hanci su kwaikwayi kukan gada mai neman agaji don su jawo 'yan'uwanta. A nan abin da aka soka a ƙugiya tausayi ne. Hadisin da Buhari ya ruwaito ya bayyana cewa rahama kashi 100 ce, kashi ɗaya aka saukar duniya, kuma da shi ne dabba take ɗage kofatonta daga kan ɗanta don kada ta taka shi. Wani hadisin na Abu Dawuda kuma ya nuna Manzon Allah yana umartar sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke bayan ya ga tana shawagi cikin damuwa. Wanda ya haɗa waɗannan nassoshi zai yi wuya ya daidaita sautukan biyu, ko da kuwa mabusa ɗaya ce take fitar da su, balle kuma kashe uwa a wannan lokaci yana nufin mutuwar 'ya'yan da yunwa a cikin rami, kisan da babu wanda ya ambaci sunan Allah a kansa.

Sannan akwai matsalar dalili, wadda ta fi tsanani a kan dila fiye da barewa. Barewa abinci ce, dila kuwa yana cikin masu fiƙa waɗanda mashahurin zancen Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, ya sanya cin namansu a cikin makaruhi, don haka hujjar neman abinci ba ta da ƙarfi a kansa. Abin da ya rage shi ne tunkuɗe ɓarna. Malik ya fassara kare mai cizo da hadisi ya halatta kashewa ko a cikin harami da cewa ya haɗa da zaki da damisa da kyarkeci, wato masu far wa mutane, amma ya fitar da kura da yanyawa da kyanwa daga ciki. Dila yana tsakiyar waɗannan rukunai biyu, kuma abin ban sha'awa ne cewa binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2015 ya nuna dilan Arewacin Afirka da yankin Sahel ya fi kusa da kyarkeci da koyoti fiye da dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su a jinsi ɗaya. Amma ma'aunin Malik ɗabi'a ce ba nasaba ba, kuma dila ba ya far wa mutum. Wanda ya ci wa makiyayi 'yan awaki ana iya kashe shi don kare dukiya, wanda yake kiwon gafiya a bakin fadama kuwa babu tuhuma a kansa.

Idan aka kawo wannan ma'auni ƙasar arewacin Kano, sai a ga yanayin wurin ya sauya hukunci ba tare da nassi ya sauya ba. Tarihin Kano ya buɗe ne da mafarauta a gindin Dala, har ya ba da labarin Barbushe mai kashe giwa da sanda, amma yau daga Ungogo zuwa Minjibir da Bichi da Dambatta da Makoɗa gona ce take bin gona, ana nome ta kowace damina da takin dabbobi, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye a cikinta kowanne da mai shi. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda wannan yanki ya ɗauki cunkoson jama'a ba tare da ƙasar ta mutu ba, kuma cikin abin da tsarin ya ƙunsa akwai ɗaure tumaki da awaki a turke a cikin gida duk damina, ana yanko musu ciyawa. Dabbar da take kwana a bayan danga ba ta da yawan abin tsoro daga dila. Abin da ya saura na namun daji shi ne zomo da kurege da gafiya da bushiya da fakara, suna fakewa a burtali da iyakokin gonaki da bakin madatsun ruwa irin su Tomas da Watari, babban daji kuwa sai an gangara kudu zuwa Falgore. Farautar gayya da samari suke fita da rani, da kiɗa da karnuka da gora da barandami, takan tara mutane masu yawa a kan 'yan zomaye kaɗan, kuma wanda ya auna naman da aka samo da ƙarfin da aka kashe zai gane cewa a cikin rabe-raben Ibn Juzayy ta fi karkata ga na huɗu, wato abin ƙi. Wannan ba ya shafe abin da take ɗauke da shi na zumunci da koyon jarunta, sai dai waɗannan amfanin mutane ne, zomo ne yake biyan kuɗinsu.

A Amurka ma gardamar ta koma kan dalili. Hukumar gwamnatin tarayya da take aiki ƙarƙashin dokar 1931 ta rage ɓarnar namun daji tana kashe dubun-dubatar koyoti a kowace shekara, amma dabbar ba ta ragu ba, ta ma bazu daga filayen yamma har ta kai gabashin ƙasar da cikin manyan birane, domin idan aka rage yawanta abinci yakan wadata, 'ya'yan da suke tsira su ƙaru. Gasar da ake ba da kyauta ga wanda ya fi kashewa kuwa, wadda Kalifoniya ta hana a 2014, Niyu Meziko da Arizona suka bi sahu a 2019, ita ce ainihin abin da hadisi ya la'anta na mayar da mai rai abin gwajin harbi. Mafarautan can suna da nasu ma'aunin ladabi, wanda ƙungiyar da Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 ta yaɗa, cewa a bar wa dabba damar tsira, kuma a kan haka ne wasunsu suke fifita mabusar hannu a kan na'urar lantarki mai kunna kukan da aka naɗa. Wannan ma'auni ya saɓa da na fikihu ta fuska mai muhimmanci, domin shi yana duba ko wasan ya yi daidai ne, fikihu kuwa yana tambayar ko akwai bukatar kisan, idan akwai kuma ko an gaggauta shi. Ta wannan fuska dabarar da take kawo dabba kusa tana iya zama kyautatawa, tunda harbi daga taku 30 ya fi saurin kashewa a kan harbi daga nesa wanda zai karya ƙafa dabba ta shige ƙaya ta kwana uku tana mutuwa.

Akwai abu ɗaya da bayanin da ya gabata bai cika warware shi ba, kuma maharba ne suka fi saninsa. Hausawa suna cewa ba a yi wa biri burtu, saboda biri yana kallon gwiwa da tafiyar abin da yake tahowa, ba kansa kaɗai ba. Masu kiran koyoti ma sun san cewa dabbar da aka taɓa kira aka harba aka kuskure ba ta sake tahowa kai tsaye, takan tsaya daga nesa ta yi haushi, ko ta kewaya ta bayan iska ta shinshino mai busar ta wuce, har suna ce mata wadda ta yi karatu. Dabbar da take iya koyon rashin yarda ta rasa wani abu da take da shi kafin a kira ta, kuma ba da maharbi ta ƙulla wannan yarda ba, da sautin daji da ta saba ji ne da tsuntsun da ta saba kiwo kusa da shi. Shi kansa burtun da aka ari kansa yana bukatar manyan itatuwa masu kogo da fili mai faɗi, yakan raini ɗa ɗaya ne a sheƙa, kuma a 2018 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sanya shi cikin tsuntsayen da suke fuskantar barazana. A gonakin arewacin Kano barewar da ake yi wa rarrafe ta daɗe da ƙaura, tsuntsun ma ya bi ta, kalmar ce ta rage a bakin 'yan jarida da alƙalai, inda kullum mutum ne ake yi wa shigar.